Lokacin da Ingilishi Yake Harshen Talakawa

A shekarar 1362 majalisar Ingila ta kafa doka cewa za a riƙa yin shari'a a kotuna da harshen Ingilishi, domin jama'a ba sa fahimtar Faransancin da alƙalai da lauyoyi ke yi a kansu. Abin mamaki, dokar kanta da Faransanci aka rubuta ta, kuma ta ce a ci gaba da ajiye bayanan shari'a da Latin. Harshen da a yau ake auna ilimin mutum da shi a Kano da Accra da Delhi bai samu damar rubuta takardar 'yancinsa da kansa ba.

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa Ingilishi harshe ne da aka halitta don kimiyya da mulki, sauran harsuna kuwa na gida ne da kasuwa. Tarihinsa ya ƙaryata wannan tunani. Ingilishi ya kai inda yake ne saboda masu shi sun ɗora masa aikin da a lokacin ake ganin ya fi ƙarfinsa, kuma ba su ji kunyar aron abin da ya rasa ba.

Asalinsa karin harsunan wasu ƙabilu ne, Angle da Saxon da Jute, waɗanda suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5. Daga sunan Angle aka samu Ingila da Ingilishi. Zuwan Kiristanci a 597 ya kawo kalmomin Latin na coci da makaranta. Mayaƙan Viking da suka fara kai hare-hare a ƙarshen ƙarni na 8, daga baya suka zauna suka yi auratayya, sun bar masa kalmomin yau da kullum irin su sky da egg da take. Har wakilan suna they da them da their nasu ne, alhali wakilin suna yana cikin abubuwan da harshe bai cika ara ba.

Babbar girgiza ta zo a 1066, lokacin da William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Fada da kotu suka koma Faransanci, coci da ilimi suka tsaya ga Latin, Ingilishi ya zama na manoma da barori. Tabon wannan zamani yana nan a bakin duk mai jin Turanci: dabbar da talaka ke kiwo ta riƙe sunanta na gida, cow da sheep, amma naman da ake kai wa teburin mai mulki ya ɗauki sunan Faransanci, beef da mutton. Haka ma court da judge da parliament da government. Kusan shekara 300 aka yi a haka.

Siyasa ce ta fara juya lamarin. A 1204 Sarki John ya rasa Nomandi, sarakunan Ingila suka fara ganin kansu 'yan tsibiri. Yaƙin da aka soma da Faransa a 1337, wanda ya ɗauki fiye da shekara 100, ya mayar da Faransanci harshen abokin gaba. Annobar 1348 ta hallaka mutane masu ɗimbin yawa, ma'aikata suka yi ƙaranci, darajar talaka ta ɗaga, harshensa ma ya bi ta. A 1399 Henry na Huɗu ya nemi gadon sarauta da jawabin Ingilishi. A daidai wannan zamani Geoffrey Chaucer, ma'aikacin kwastan a Landan wanda ya iya Faransanci sarai, ya zaɓi ya rubuta manyan ayyukansa da harshen titi.

Duk da haka raini bai ƙare ba. Bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, masu fassara sun yi ta kukan cewa Ingilishi ba shi da kalmomin ilimi. Sai suka yi ta kwaso su daga Latin da Girkanci, dubbai. Masana irin su John Cheke na Jami'ar Cambridge suka tayar da jijiyar wuya a ƙarni na 16, suna neman a tsarkake harshen daga baƙin kalmomi. Ba su yi nasara ba. A 1712 Jonathan Swift ya nemi a kafa hukumar da za ta tsare harshen daga canji, irin wadda Faransa ta kafa a 1635. Ba a taɓa kafa ta ba. Isaac Newton ya buga babban littafinsa na lissafin motsi da Latin a 1687, sannan ya buga na haske da Ingilishi a 1704. Tsakanin waɗannan shekaru 17 harshen bai sauya ba. Marubucin ne ya yanke shawarar ɗora masa kayan.

Ko rubutun Ingilishi da ke wahalar da 'ya'yanmu a firamare gadon wannan hargitsi ne. Injin ɗab'i ya daskarar da ƙa'idar rubutu a lokacin da furucin wasula ke tsakiyar canzawa, tsakanin ƙarni na 15 da na 17. Harafin k da ke farkon knight da knee a da ana furta shi. Wanda ke yi wa ɗan'uwansa dariya don ya karanta kalma yadda aka rubuta ta, yana kare kuskuren tarihi ne da ya ɗauka ƙa'ida ce daga sama.

Wani zai ce ai bindiga da jirgin ruwa ne suka yaɗa Ingilishi, sannan tattalin arzikin Amurka ya ƙarasa aikin. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya fi wanda aka yi wa mulkin mallaka sanin haka. Amma yaɗuwa daban, iya ɗaukar kaya daban. Kafin Ingila ta mallaki ko taku ɗaya a Indiya ko Afirka, harshenta ya riga ya shiga majalisa, an buga littattafai da shi, an fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa. Mulkin mallaka ya tarar da harshen a shirye. Wannan shirin ba ya buƙatar rundunar soja, yana buƙatar marubuta da mafassara da masu karatu da hukumar da za ta yarda ta yi aiki da harshen mutanenta.

A nan ne labarin ya shafe mu. Muhawarar Cheke ita ce muhawararmu duk lokacin da aka ce kalma kaza ba Hausa ba ce. Littafi da alƙalami daga Larabci suke, mota da asibiti daga Ingilishi, lakwal ta Nijar daga Faransanci, ashana daga Yarbanci. Duk sun zama namu domin mun lanƙwasa su: muka ba su jinsi, muka yi musu jam'i, muka ce motoci da asibitoci. Haka Ingilishi ya yi da abin da ya ara. Abin tsoro shi ne likita ko lauya ko injiniya da ke fara jimla da Hausa, da ya iso wurin da tunani yake sai ya sauya harshe, yana cewa Hausa ba za ta iya ba. Masanan Ingila sun faɗi haka game da nasu harshen shekaru aru-aru, har wasu suka daina faɗa suka zauna suka rubuta.

A Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya, ciki har da Kannywood da okada da danfo. Ingilishi bai daina aro ba, kuma bai taɓa neman afuwar kowa a kan haka ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta nuna tun 1939 cewa Hausa na iya ɗaukar labarin duniya. Abin da ya rage shi ne yarjejeniyar haya, bayanin magani, darasin lissafi da hukuncin kotu, kuma waɗanda suka san waɗannan fannoni su ne masu karanta wannan rubutu.