Kafin A Kai Ƙarfe Ga Sanyi, A Fara Gyara Masa Wuta

Duk wanda ya ratsa fadamun Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi da rani, daga Illo zuwa Lolo a gefen Kogin Kwara, ya san cewa abincin dubban mutane ya rataya ne a kan ƙarfe. Injin ban-ruwa ke shayar da shinkafa da albasa, babur ke kai buhu kasuwa, manyan motoci kuma su bi ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa, injuna suka yawaita. To, amma idan boris ya ci ko fistin ya lalace a lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, 'yan kwanakin da za a yi ana neman wani sun isa su jawo wa manomi hasarar wahalar wata uku. Saboda haka maganar ƙarkon ƙarfe magana ce ta tattalin arziki, wadda ta cancanci ma'aikatan hukuma da ɗalibai su fahimce ta.

A ƙasashen da suka ci gaba a masana'antu akwai wata dabara ta ƙara wa ƙarfe ƙarko, watau jiƙa shi cikin matsanancin sanyi. Masu tseren motoci a Amurka suna kai farantan birki da giya da sassan inji a yi musu wannan aiki, haka kuma masana'antu suna yi wa wuƙaƙen yankan ƙarfe da bakin injin huda. Wajibi ne a san abin da dabarar ke iyawa da abin da ba ta iyawa, tun kafin wani ɗan kwangila ya kawo ta ofis a matsayin maganin kowace cuta.

Asalin al'amarin ba baƙo ba ne ga maƙerin Hausa. Idan zai ƙera gatari ko adda, yakan zuga wuta har ƙarfe ya yi ja, ya daka shi a kan uwar maƙera, daga nan ya tsoma shi cikin ruwa. Masana sun bayyana abin da ke faruwa a ciki. Idan ƙarfe mai isasshen sinadarin kabon ya kai zafin digiri 800 ko fiye, ƙwayoyinsa sukan koma wani tsari mai laushi da ake kira ostenait, sunan da aka ɗauko daga wani masani Bature ɗan Ingila, Roberts-Austen. Idan aka sanyaya shi farat ɗaya, sai tsarin ya rikiɗe ya zama matensait mai tauri ƙwarai, wanda ya samo suna daga Adolf Martens na Jamus. Matsalar ita ce ba duka ke rikiɗewa ba. A ƙarfen da ke da kabon da yawa, wani kaso na mai laushin yakan maƙale a ciki, kuma daga baya yana iya sauyawa da kansa a bakin aiki, ya sa kayan su ɗan canza girma ko su tsage.

Nan ne sanyi ke shigowa. Iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, takan zama ruwa a digiri 196 ƙasa da sifiri. Wasu masana biyu a birnin Krakow na ƙasar Poland ne suka mayar da ita ruwa a 1883. Da tururin wannan ruwa ake saukar da zafin ƙarfe sannu a hankali cikin sa'o'i da dama, a bar shi cikin sanyin kamar kwana ɗaya, a dawo da shi sannu a hankali, sannan a ɗan gasa shi a wuta marar ƙarfi don ya rage gautsi. Sanyin yakan ƙarasa rikiɗar da ruwan maƙeri ya bari. A 1982 wani malamin jami'ar Louisiana Tech a Amurka, Randall Barron, ya buga sakamakon gwajin da ya nuna cewa wasu ire-iren ƙarfen kayan aiki sun ƙara jure goga bayan an yi musu haka, wasu ire-iren kuwa kusan babu abin da ya canza a jikinsu.

Wannan rabi na biyu na sakamakon shi ne masu talla ba su cika faɗa ba, alhali kuwa shi ya fi shafar manomin Bagudo. Sanyi ba ya ƙara wa ƙarfe kabon da babu shi tun farko. Ƙarfe marar kabon sosai, irin na rodin gini, ba ya yin tauri sosai ko da an tsoma shi a ruwa, don haka babu abin da sanyi zai ƙarasa. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeri mai basira yake neman tsohon sifirin mota idan zai yi abu mai kaifi. Haka kuma ƙarfen da aka ƙone a wuta, ko aka tsoma shi kafin ya kai zafin da ya dace, sanyi ba zai gyara shi ba. Idan kuma aka yi gaggawar jefa shi cikin ruwan naitirojin kai tsaye, yana iya tsagewa. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa.

Sanin kowa ne cewa abin da ya fi cin kuɗin mai babur da mai inji shi ne kayan gyara marasa inganci. A kwali kamanninsu ɗaya da na gaske, mai saye kuma ba shi da hanyar gane taurin ƙarfe da ido. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin aiki ya hau, talaka ya ƙara karkata ga mai rahusa, ya kuwa manta cewa araha ba ta ado. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agusta na 2019 bai magance wannan ba, domin kaya marasa kyau ba ta hanya ɗaya suke shigowa kasuwa ba.

Saboda haka aikin farko na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, watau SON, wadda aka kafa tun 1971. Na'urar auna taurin ƙarfe ƙarama ce, cikin minti ɗaya take ba da sakamako. Ya kamata hukumar, tare da Kwastan, ta riƙa ɗaukar samfurin boris da sarƙar babur da sassan injin ban-ruwa daga mashigan Tsamiya da Lolo da kasuwannin yankin tana gwadawa, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo.

Aiki na biyu na Gwamnatin Jiha ne da makarantun da ke jihar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suna iya shirya wa maƙera da makanikai ɗan gajeren horo kan bambancin ƙarfe, da lokacin da ya dace a tsoma a mai maimakon ruwa, da yadda ake sake gasawa. Maƙera ma suna da abin da za su koya wa ɗalibai, domin sun daɗe suna karanta zafin ƙarfe daga launinsa.

Sai bayan wannan gwajin sanyi zai yi ma'ana, kuma ba ya bukatar kwangilar miliyoyi. Ruwan naitirojin yana nan a Arewa, da shi Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika a Zariya ke adana irin bijimai. Ɗalibi na iya ɗaukar sassa iri ɗaya guda ashirin, ya sanyaya goma ya bar goma, ya ba manoma su yi aiki da su rani guda, ya rubuta abin da ya gani, ya kai Cibiyar Binciken Ƙarafa ta Jos ta duba.

Wani zai ce me ya haɗa Bagudo da kayan masu tseren motoci. Amsar ita ce mai tsere yana neman ƙarfen da ba zai ci amanarsa ba na 'yan sa'o'i, manomi kuwa yana neman irinsa na watanni, kuma hasararsa ta fi ciwo. Nijeriya ta riga ta ga abin da fara gini daga sama ke haifarwa: an ba da kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979, har yau bai narka tama ya fitar da ƙarfe yadda aka tsara ba. Kada a maimaita wannan a ƙaramin mizani ta hanyar sayo tukunyar sanyi a ajiye ta a sito. A fara da na'urar awo a bakin iyaka da horo a maƙera, kafin rani mai zuwa ya kama.