Wai Satar Manhaja Ba Sata Ba Ce

A Birnin Konni, daga situdiyon ɗaukar waƙa har ɗakin haɗa shirin rediyo, in ka tambayi inda aka samo FL Studio ko Cubase ko Adobe Audition, dariya za a yi maka. Wa ke saye? Mai gyaran kwamfuta ya ɗora ta da jikka ɗaya. Hujjar kuwa kowa ya haddace ta: kamfanin Turawa ne, ba zai ma san an taɓa shi ba.

Ni wannan hujja ba ta kama ni ba. Mutumin da ke faɗin haka shi ne wanda jiya ya cika mana kunne da kuka, wai masu tura waƙa a waya sun kashe masa kasuwa, kuma BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa, ta yi barci. Haƙƙinka haƙƙi ne, na wani kuwa ganima? Image-Line, mai FL Studio a Beljiyam, ma'aikata gare shi da ke jiran albashi kamar kowa.

Mu ma bar zancen halal da haram. Wanda ya fasa manhajar ya watsa ta kyauta, don Allah ya yi? Umarninsa na farko shi ne ka kashe garkuwar kwamfutarka kafin ka ɗora. Kai da hannunka ka zare sakata. A 2019 kamfanin tsaro na ESET ya bankaɗo LoudMiner, wata cuta da aka cusa cikin fasassun manhajojin sauti, tana haƙa wa masu ita kuɗin intanet na Monero a ɓoye. Masu haɗa sauti aka nufa takanas, don an san kwamfutocinsu na da ƙarfi, kuma in injin ya ɗau zafi sai su ɗauka aiki ne. A garin da wutar NIGELEC ke zuwa tana tafiya, ana ƙona man janareta da tsada, kana biya wa baƙo aikinsa. A gidan rediyo abin ya fi muni, tunda kwamfutocin a haɗe suke, ga muryoyin mutanen da aka yi wa alkawarin sakaya sunansu.

Za a ce talauci. Amma manhajar Audacity kyauta ce, ta wadatar da shirin rediyo. Lasisin manhajar Reaper na ƙaramin situdiyo dalar Amurka 60 ne, bai kai jikka 40 ba, kuma akwai mawaƙin da ke tashi da fiye da haka a liƙin biki guda a Malbaza.