FILIN MASU RADIYO: In murya ta ɓace, a sake mita

Manoma da yawa suna kuka da radiyonsu. Da rana tashar nesa ta fito tangaram, da dare sai ƙugi. Wani ya sayi sabbin pil, wani ya kai wa mai gyara ranar kasuwa. Kuɗi sun tafi, ƙugi yana nan.

Galibi akwatin lafiya lau yake. Muryar nesa ta gajeren zango take zuwa. Tana hawa sama, ta bugi wani rufin iska can bisa gajimare, ta komo ƙasa. Rana ce ke canza wannan rufi. Shi ya sa mita 16 da 19 suka fi kyau da rana, mita 41 da 49 kuma da dare. Da damana, walƙiya tana daɗa surutu.

BBC ta soma Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Tun lokacin tsofaffin masu saurare suka gane dabarar: kowace sa'a da mitarta.

Saboda haka, kafin a taɓa aljihu, a sake mita. A murɗa allura sannu-sannu, don tashoshin a cunkushe suke. A ja eriya duka. In bai isa ba, a ɗaura mata doguwar waya, a rataya ga icce. Amma da hadari ya taso a kwance ta, don tsawa tana bin waya har cikin ɗaki.