TANKAR INGILA, KUƊIN IRAN: WA YA CI RIBA, WA YA MUTU?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, mun gaji da jin yadda wasu a cikinmu ke wasa makaman Turawa tamkar maroƙa a ƙofar fada. Da an ambaci tankar yaƙin Ingila mai suna Chieftain sai ka ji ana lissafa kaurin ƙarfenta da tsawon igwarta, ba mai tambayar aljihun wa aka yasa aka ƙera ta, ko 'ya'yan wa suka ƙone a cikinta. To, mu wannan tambayar muka zo yi.

Ba za mu tauye wa maƙeran haƙƙinsu ba. Lokacin da Chieftain ta shiga hannun sojan Ingila a tsakiyar shekarun 1960, da wuya a sami tankar da ta fi ta sulke ko ƙarfin harbi. Nauyinta ya kai tan 55, faɗin bakin igwarta milimita 120, mutum huɗu ke aiki a cikinta. An kishingiɗar da direba maimakon ya zauna a miƙe, don a rage tsayinta ta yi wuyar hange daga nesa. Albarushin da ke tura harsashi kuwa an raba shi da harsashin, an ajiye shi cikin akwatunan da ruwa ya kewaye don gudun gobara. Duk wannan dabara an yi ta ne saboda wuri guda: filayen arewacin Jamus ta Yamma, inda ake jiran ranar da tankokin Tarayyar Sobiyat za su kwararo. Aikinta ta laɓe, ta jira, ta harba.

Amma ƙafarta gurguwa ce. Ƙungiyar NATO ta so injin da zai sha kowane irin mai, sai kamfanin Leyland ya ƙera wani mai suna L60, wanda ya zama abin kunya. Ƙarfinsa bai kai na ɗaukar wannan nauyi ba, ga yoyo, ga hayaƙi, ga yawan mutuwa a hanya. Su kansu sojojin Ingila ba'a suke yi cewa babu tankar da ta kai ta, muddin dai ta mace a wurin da za ta iya harbi. Ranar da ake jira a Jamus ba ta taɓa zuwa ba. Ingila ta riƙe Chieftain kimanin shekara talatin, ta yi mata ritaya a tsakiyar shekarun 1990, ba tare da ta shiga yaƙi da ita ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka gwada ta da jininsu wasu ne dabam.

A 1971 Sarkin Iran, Shah Muhammadu Riza Pahlawi, wanda kuɗin man fetur ya hau masa ka, ya yi odar Chieftain sama da ɗari bakwai. Bai ƙoshi ba. Ya nemi a gyara masa lahanin injin, a ƙara sulke, a ƙera masa sababbin samfura biyu da aka laƙaba wa suna Shir, wato zaki da Farisanci. Na biyun shi ne abin lura: injin Rolls-Royce mai ƙarfin doki 1,200, da sabon sulken nan na Chobham wanda a lokacin ko sojan Ingila ba su da tankar da ke sanye da shi. Shah ya biya kuɗi tun kafin a kawo kaya. Da wannan kuɗi masana'antar gwamnati da ke Leeds ta ci gaba da hura wuta, ma'aikatanta suka ci gaba da karɓar albashi, alhali a ƙauyukan Iran akwai ɗimbin manoman da ba su iya karatu ba.

A watan Janairu na 1979 juyin juya hali ya kori Shah, cinikin ya rushe. Cikin tankoki 1,500 da motocin janwe 250 da aka yi yarjejeniya a kansu a wannan zubi, 185 kacal suka isa Iran. Ina sauran suka nufa? Samfurin farko aka sake masa suna Khalid, aka sayar wa Jodan guda 274. Na biyun kuwa Ingila ta ɗan gyaggyara shi ta mai da shi nata, ta raɗa masa suna Challenger, ya shiga aiki a 1983. Wannan Challenger ita ce ta yi suna a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda ta ragargaza tankokin Iraki kusan ɗari uku ba tare da abokan gaba sun lalata ko guda ba. Jaridun Landan suka yi ta kirari. Ba mu ji sun tuna da wanda ya biya kuɗin haihuwarta ba.

Shi kuma mai biyan kuɗin, tsohuwar gurguwar aka bar masa. Iraki ta auka wa Iran a watan Satumba na 1980, kayan gyara sun yi wuya, manyan hafsoshi da yawa an kore su ko an kashe su. A Janairun 1981 Shugaba Bani Sadr ya matsa aka kai farmaki kusa da garin Susangerd cikin damina. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, tankokin suka bi hanya ɗaya a jere kamar ayarin fatake, Irakawa suka ja da baya da gangan har suka shigo, sannan suka rufe su da wuta ta ɓangare uku. Wadda ta sauka daga hanya don ta kauce sai ta nutse cikin taɓo. Iran ta yi asarar tankoki fiye da ɗari cikin 'yan kwanaki, da yawansu Chieftain ne. Samarin da ke ciki sa'o'inmu ne. A Kuwait ma, ran 2 ga Agusta 1990, wata birged mai Chieftain ta tare sojan Iraki kusa da Jahra na tsawon sa'o'i, da harsashi ya ƙare ta janye zuwa Saudiyya.

Kada wani ya ce mun wanke Shah. Ba a ɗora masa bindiga a ka ba, shi ya kai kansa kasuwa, kuma hannu biyu ke ƙulla irin wannan ciniki. Wannan ne ma ya sa labarin ya shafe mu. A 1981 gwamnatin Shagari ta yi odar tankoki 36 samfurin Vickers Mk 3 daga Ingila, tankar da aka ƙera musamman don sayarwa a ƙetare, wadda sojan Ingila ba su taɓa ɗauka a rundunarsu ba. Shekara guda bayan haka, a 1982, aka kira talakawa su ɗaure ciki da sunan tsuke bakin aljihu. Wasu daga cikinku da ke karanta wannan shafi, gobe kan teburinku irin waɗannan fayiloli za su biyo, kuma dillalin zai zo da murmushi da hotuna masu sheƙi.

Saura batun kuɗin Iran. Ingila ta riƙe su. Kotun sasanta rigingimun ciniki ta duniya ta yanke hukunci a 2001 cewa a biya, aka ɗaukaka ƙara, aka sha kaye a 2009, sannan aka fake da takunkumi. Ƙasar da ke koya wa duniya darasin cika alƙawari da biyan bashi a kan kari, ita ce ta kwana kan dukiyar wani shekara arba'in da uku. Sai a watan Maris na 2022 ta biya kusan fam miliyan 400, daidai lokacin da Iran ta saki wasu 'yan Birtaniya biyu da take tsare da su, kuma ko a nan ma sai da mai cin bashin ya gindaya wa mai kuɗin sharaɗi cewa ba zai kashe su ba sai a kan kayan jin ƙai.