Gyaran Gangar Auzinawa a Badiya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ijora zuwa Apapa a cikin birnin Ikko, in dai ya ɗan leƙa ta tagar mota daga kan gada, ba zai rasa ganin wata unguwa shimfiɗe a ƙarƙashinsa ba, tsakanin layin dogo da fadama. Sunanta Badiya. Layin dogon nan shi ne ya riƙa sauke gyaɗar Kano a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a zamanin da ƙasar nan ke cin gumin manomi. Mu mazauna wannan birni mun saba wucewa ta nan mu toshe hanci, mu ce Allah ya kyauta, mu ci gaba da harkar gabanmu. To, a kan wannan unguwa muke son yin magana, domin abin da aka yi mata da sunan gyara ya isa ya hana mai tunani barci.

Ranar Asabar 23 ga Fabrairu, 2013, a zamanin mulkin Gwamna Babatunde Fashola, katafila ta shiga Badiya ta Gabas da sassafe, 'yan sanda ɗauke da makamai suna yi mata rakiya. Asabar ɗin ƙarshen wata ce, wato ranar da a lokacin aka ware don tsabtace muhalli, ake hana zirga-zirga da safe, kowa yana gida riƙe da tsintsiya. Kafin rana ta faɗi an mayar da wani sashe na unguwar fili fetal. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Amnesty International ta ƙirga gine-gine aƙalla 266 da aka rushe, waɗanda suka haɗa da gidajen kwana da shaguna, ta kuma ce magidanta 2,237 abin ya shafa, wato mutum kusan 9,000. Ba a ba su wa'adin kirki ba, ba a tanadar musu inda za su koma ba. Masu jego da tsofaffi da 'yan makaranta suka kwana a gefen layin dogo, wasunsu har tsawon watanni, ruwan Ikko yana sauka a kansu.

Da surutu ya yi yawa, sai aka ji daga bakin hukuma cewa ai wurin da aka share juji ne, ba mazaunin mutane ba. Hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka kafin ranar da bayanta suka fito, suka nuna rufin gidaje maƙil, kwano na gogar kwano. Mu kam ba mu ɗauki wannan magana ta juji a matsayin ƙarya kawai ba. Suɓutar baki ce, wadda ta tona abin da ke cikin zuciya. Wanda ya dubi matsugunin mutum dubu tara ya ga bola, ai ya riga ya faɗa mana matsayin mutanen a wurinsa.

Me za a yi da filin? Aka ce gidajen bene na zamani za a gina, sashe 1,008, don a rage ƙarancin muhalli a jiha, a kuma raya unguwar da ta daɗe a yashe. Madalla. To, ya kai mai karatu, ɗauko alƙalami mu yi ɗan lissafin da ko ɗan firamare zai iya. An tashi magidanta 2,237 don a gina wa magidanta 1,008. Ko da a ce kyauta za a raba gidajen nan, a ce kuma ba wanda za a ba sai mutumin Badiya, fiye da rabinsu a titi za su kwana. Alhali kuwa ba kyauta ba ne. Shirin mallakar gida da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2014 ya shar'anta wa mai nema ya fara ajiye kashi 30 cikin ɗari na kuɗin gidan, ya biya sauran cikin shekara goma da kuɗin ruwa, ya kuma kawo shaidar biyan haraji. Mu ƙaddara gidan na naira miliyan 5 ne kacal. Kafin alƙalami ke nan naira miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne a wata, saboda haka leburan da ke karɓar wannan albashi sai ya yi kusan shekara bakwai bai ci ba, bai sha ba, bai yi ciwo ba, kafin ya tara kuɗin taka bakin ƙofa. Wannan ma mai albashi ke nan. Ina mai tallar burodi, ina ɗan dako, ina mai wanki da guga? Ashe tun a kan takarda an riga an san waɗanda za su hau benen, kuma babu sunan mutanen Badiya a ciki.

Mun san abin da za a ce mana, domin an sha faɗa. Za a ce: ku da kuke kuka, kun taɓa shiga Badiya da damina? Kun ga yadda ake taka katako a bisa baƙin ruwa kafin a kai ɗaki? Kun ga inda ake bahaya? Kun manta gobara, kun manta kwalara, kun manta gidajen karuwai da mashaya da ke bakin layin dogo? Ko kuna so birnin da ke ɗauke da miliyoyin mutane ya zauna haka har abada? Ba mu musa ko ɗaya ba. Badiya ba wurin da ya dace ɗan'adam ya raini 'ya'yansa ba ne, kuma mutanen cikinta sun fi kowa sanin haka, tunda su sauro ke ci. Haka nan ba mu da faɗa da bene. Ƙasar Ikko kaɗan ce, ruwa ya kewaye ta, tilas gini ya yi sama. Sai dai maƙwabtanmu Yarabawa suna da wani karin magana da ke cewa sare kai ba shi ne maganin ciwon kai ba, kuma da harshensu ake mulkin jihar nan, ba sai mun fassara wa kowa ba.

Tambayar da ake gudu ita ce, wa ya mayar da Badiya haka? Da yawa daga mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. A 1973 gwamnatin tarayya ta soja ta tashe su daga ƙauyen Oluwole da ke Iganmu, don a gina Babban Gidan Wasanni na Ƙasa, wanda aka yi bikin FESTAC na 1977 a cikinsa. Aka nuna musu fadamar Badiya aka ce su zauna. Su da kansu suka riƙa cike ta da ƙasa da shara har ta ɗauki gini. Shekara arba'in cur suna nan, gwamnatoci na soja da na farar hula suna zuwa suna wucewa, ba a ba su takardar mallaka ba, ba a ja musu ruwan famfo na kirki ba, ba a haƙa musu magudanar da za ta kwashe ruwan sama ba. Mutumin da bai san ko gobe za a tashe shi ba, ta yaya zai zuba bulo da siminti? Katako da langa-langa zai kafa, don in ta ɓaci ya kwashe abinsa. Wato hukuma ce ta hana unguwa abin da zai sa ta zama unguwa, sannan bayan shekaru ta dawo tana nuna ƙazantar da yatsa, ta mai da ita hujjar kora. Ka hana yaro sabulu, ka doke shi don ya yi dauɗa!

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne, an riga an ci bashi da sunan mutanen nan. A 2006 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 ga Jihar Legas, kuma cikin ayyukan da aka ce za a yi da kuɗin har da inganta unguwannin marasa galihu guda tara, irin su Agege da Ajegunle da Makoko da ita Badiyar. Ingantawa aka ce, wato a kai hanya da magudana da makaranta da asibiti alhali mutane suna zaune a inda suke. Talaucinsu aka kai gaban banki aka karɓo kuɗi, kafin wa'adin shirin ya cika aka aika musu da katafila. Sai da ƙungiyoyi suka kai kuka har gaban bankin, sannan a 2014 aka biya wani abu, shi ma ɗan haya bai samu ko naira 100,000 ba, a garin da mai gida ke neman kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, ga na yarjejeniya. A watan Satumba na 2015 katafila ta sake komawa Badiya, wannan karon da sunan hukuncin kotu kan rikicin mallakar fili, wasu dubban suka bi sahun na farko.

Da a ce wannan ne karo na farko, da sai mu ce kuskure ne. Ina! Tsohuwar ɗabi'a ce da aka gada daga Turawan mulki. Bayan annobar da ta afka wa Ikko a 1924, aka kafa hukumar raya birnin a 1928. Ita ce a 1955 ta fara rushe tsakiyar tsibirin Legas, don kada babban birnin ƙasa ya ba da kunya ranar samun 'yancin kai. Aka kwashe mutane zuwa Surulere, nesa da kasuwannin da suke ci daga gare su. Wani Bature masanin zamantakewa, Peter Marris, ya bi sawunsu, ya nuna a littafinsa na 1961 yadda sana'o'i suka karye, dangi suka watse, masu filaye kuma suka kasa sayen filayensu da aka gyara saboda tsada. Sai Maroko. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja Kanar Raji Rasaki ya ba da wa'adin kwana bakwai, ranar 14 ga wata aka fara rusau, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000 suka rasa matsuguni a tsakiyar damina. Dalilin da aka bayar shi ne wurin yana ƙasa da teku, ambaliya za ta hallaka su. Abin mamaki, da talaka ya tashi sai ƙasar ta warke. Aka cike ta da yashi, yau tana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya. Ita ma 14 ga Yulin nan Asabar ce, ranar da kotuna ke rufe. Mai karatu ya yi wa kansa fassara.

Kada wani ya ce mana ba yadda za a yi. Alhaji Lateef Jakande ya mulki jihar nan daga 1979 zuwa 1983, shekara huɗu da 'yan watanni, ya gina dubban gidajen bene masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Isolo da Abesan da Iponri, wadda ba ta da nisa da Badiya. Ba su da ƙyalƙyali, har ana yi musu dariya, amma malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa sun shiga sun mallaka, jikokinsu na ciki har yau. Shi ya fara tambayar nawa ne a aljihun mai buƙata, sannan ya zana gida. Na bayansa sukan zana gidan tukuna, sannan su nemi mai aljihun da zai iya.

Akwai kuma laifinmu, mu 'yan Arewa mazauna Kudu. In aka yi irin wannan rusau mukan kaɗa kai mu ce rigimar 'yan gari ce, mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu. Amma wa ke haya a ɗakunan katakon irin waɗannan unguwanni? Akwai ɗan garuwa da mai gadi da mai shayi da ɗan dakon tashar Apapa, kuma kowa ya san daga inda yawancinsu suka fito. In an zo rabon diyya, ɗan haya ne a ƙarshen layi, baƙon da ba shi da rasit kuwa ko layin ba ya shiga. Sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa sun iya taruwa in za a yi naɗin sarauta ko tarbar ɗan siyasa. Ya kamata su iya taruwa su rubuta sunan kowane ɗan haya da shekarun da ya yi a ɗakinsa, su haɗa kai da Ilaje da Yarabawa da Ibo da ke maƙwabtaka da su, tun katafila ba ta tayar da inji ba. Agege ma tana cikin unguwanni taran nan da aka lissafa.

Abin da muke nema ga hukuma ba shi da wuyar fahimta. Kafin a taɓa kwano ɗaya a ƙirga mutanen unguwa gida-gida, da mai gida da ɗan haya, a kafe sunayen a bainar jama'a. A yi ginin kashi-kashi, a gama bene ɗaya a shigar da waɗanda aka tasa, sannan a matsa gaba. A yanka kuɗin haya daidai da abin da suke biya a da, a kuma bar wa mata wurin kasa kayansu a ƙasan bene, domin wadda ke sayar da garin rogo ba za ta yi ciniki a hawa na huɗu ba. Game da Badiya kuwa, gwamnatin Jihar Legas tana da sunayen waɗanda ta biya a 2014, tana kuma da sunayen duk wanda ta miƙa wa mabuɗi a rukunin gidajenta tun daga wannan shekara. Muna roƙon ta buga takardun biyu a jarida, gefe da gefe, mu ƙirga sunayen da suka fito sau biyu.