A Rage Gudu a Cikin Dangoma



Makon jiya saura ƙiris wani ɗan kabu-kabu ya take ƙanena a ƙofar gidanmu yana dawowa daga Islamiyya. Allah ya kiyaye, gwiwarsa kawai ta kuje. Washegari samarin unguwa suka tara ƙasa da duwatsu suka yi tudu a tsakiyar hanya.

Niyyarsu mai kyau ce, amma a ganina ba ita ce mafita ba. Tudun ba ya ganuwa da dare, har ya kayar da wani dattijo da buhun shinkafarsa. Damina na zuwa kuma ruwa zai wanke shi.

Malaminmu ya koya mana cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina titunan cikin gari da kula da su. A 2021 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira da kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a unguwannin jama'a.

Don haka ina roƙon Ƙaramar Hukumar Kalgo ta zauna da masu unguwanni da jami'an kiyaye haɗurra, su zaɓi wuraren da yara suka fi tsallakawa: ƙofar makaranta, masallaci da kasuwa. A yi tudun siminti mai faɗi, a shafa masa fenti, a kafa allon gargaɗi.

Wasu za su ce babu kuɗi. To, siminti ya fi jinyar karaya a Birnin Kebbi araha.

Mu kuma ɗalibai, mu duba dama da hagu kafin mu tsallaka.

Daga wata 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida