Wasiƙa daga Birmingham: Kawu, ka ɗauki ɗan jagora a Fas

Na san na kwana biyu ban rubuto ba, a yi mini afuwa, aiki ne ya sha mini kai.

Abin da ya taso da ni yau shi ne hirar da muka yi da Kawu ta waya ranar Lahadi. Ga waɗanda ba su ji ba, Kawu ya ƙudiri niyyar zuwa ziyara Fas, a ƙasar Maroko, shi kaɗai, don ya ce ya gaji da gaggawar tafiyar ayari. Na ce masa madalla, amma in ya isa ya ɗauki ɗan jagora na kansa, ko da na yini ɗaya ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, zaman Turai ya ɓata ka. Matambayi ai ba ya ɓata. Ni da na je Makka sau uku, ga Larabci a bakina, wa zai ja ni kamar makaho?" Kafin in ba shi amsa layi ya tsinke. To ga amsar nan, tunda na san Yaya zai karanta masa.

Kawu, Allah ya ja kwana, ni ma da wannan ƙarfin halin na shiga Fas a 2023. Ga waya a hannu, ga taswira a cikinta, ga ɗan Larabcin da na tsinta a zaure. Na shiga tsohon garin ta Bab Bujlud, ƙofar nan mai shuɗi daga waje, kore daga ciki, wadda aka gina a 1913. Ban yi minti goma sha biyar ba na rasa gabas. Tsohon Fas ba mota a cikinsa, sai jakuna da alfadarai da masu tura kaya suna ihun "balak, balak", wato kauce. Lungunan kuwa dubbai ne, wasu in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, wasu an yi gini a kansu har ba ka ganin sama. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ya ninka su ya sake ninkawa. Taswirar wayar sai ta riƙa nuna ni a tsakar gidan mutane. Larabcin kuma, ina yi musu na littafi suna amsa mini da darija, nasu na gida, in sun ga ban gane ba su juya zuwa Faransanci, nan kuwa ko gaisuwa ban iya ba.

Na fara tambaya, kamar yadda Kawu ya ce. Wani saurayi ya kira ni "Sanagal", don mafi yawan baƙar fata da ke neman zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani daga can suke. Ya ce shi ɗalibi ne, ba kuɗi yake so ba, saboda Allah zai kai ni. Muka yi ta zagaye, ya ce ai an rufe zawiya sai bayan la'asar, mu ɗan huta a shagon kawunsa. Aka kawo shayi, aka fara shimfiɗa dardumai ɗaya bayan ɗaya. Kunya irin tamu ta hana ni tashi bayan na sha shayin mutane. Na fito da dardumar da ban yi niyyar saye ba, daga baya na ga irinta a ƙasa da rabin kuɗin, shi kuma a bakin ƙofa ya tsaya sai na sallame shi. Zawiyar kuwa ashe a buɗe take tun safe. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma fa sai in wanda ya tambaya ba shi da riba a cikin ɓatansa.

Da dare na ba mai masaukina labari. Ya ce a Maroko jagorancin baƙi sana'a ce mai doka, ma'aikatar yawon buɗe ido ke ba da lasisi, kuma mai lasisi yana rataye da katinsa mai hoto. Irin saurayin nan nawa 'yan sanda kama su suke yi, shi ya sa yake tafiya can gabana kamar bai san ni ba, abin da na ɗauka ladabi ne. Washegari ya haɗa ni da wani dattijo mai kati, mai jin Turanci da Larabcin littafi. Kafin mu ɗaga ƙafa muka yi magana a fili: dirhami 300 na rabin yini, kimanin fam 24 a lokacin, ga wuraren da nake so, kuma ba shiga shago sai in ni na nema.

Ba kai ni wurare ne ya sa nake yabonsa ba, wannan ko yaro zai iya. Abin da na saya da kuɗina shi ne natsuwa. Tunda aka gan ni da shi ba wanda ya sake jan rigata, sai idona ya buɗe na fara ganin gari. Ya kai ni masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce Faɗima al-Fihriyya ta kafa a shekara ta 859, masallacin da za ka iya wuce ƙofofinsa sau uku ba ka san ka zo ba saboda yadda kasuwa ta rufe shi. Ya kai ni makarantar Bu Inaniyya ta tsakiyar ƙarni na 14. Da ya ji daga inda na fito sai ya tuna mini Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya tashi a Fas, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Na tsaya gaban wani rubutu a bango na ga fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda aka rubuta mana a allo. Karatunsu ma na Warshu ne, mazhabarsu Malikiyya. Kawu, a nan kai za ka fi ni jin daɗi nesa ba kusa ba.

A majemar Shuwara ma mun daɗe. Suna miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci, na karɓa don kada su ji ba daɗi, amma wanda ya taɓa wucewa ta majema a gida ba baƙon wannan wari ba ne. Su da kashin tattabaru suke laushin fata, mu kuma an san mu da bagaruwa wajen jima. Na gaya masa cewa da yawa daga abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko fatar jan akuyar Sakkwato ce, da ake jemewa a ƙasarmu a ɗora wa raƙuma su haye Sahara. Ya yi shiru, ya ce bai taɓa ji ba. Na ce to yau kai ma ka samu ɗan jagora.

Kada kuma a ce na mai da shi waliyyi. Duk da alkawarin da muka yi, sau biyu yana ratsawa da ni ta ƙofar masu saƙa yana cewa kallo kawai. Kowa ya san akwai la'ada a ciki, kuma daga aljihun baƙo take fita. Na ce a'a, bai matsa ba, bambancinsa da na jiya ke nan: wannan yana da kati da suna da mai masaukin da zan kai wa ƙara. Sannan akwai labaran da ya haddace yana zubo su kamar karatun yara, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba ya iya yin shiru. Shi ya sa da muka isa zawiya, a unguwar Bilida kusa da Ƙarawiyyin, na biya shi a bakin ƙofa na ce ya tafi. Shehu ya zauna a Fas tun 1798, a nan ya rasu a 1815, a nan kabarinsa yake. Wurin ba ya buƙatar mai bayani. A kan wannan na yarda da Kawu ɗari bisa ɗari, wanda ya zo ziyara yana son kaɗaici, kuma ba wanda zai so a tsaya masa a ka ana duba agogo.

Don haka ba cewa nake a ɗauki mutum mako guda ba. Yinin farko kawai, ya nuna maka hanya daga masauki zuwa zawiya da dawowa, ku bi ta sau biyu, ka riƙe alamomi, ya nuna maka inda za ka ci abinci da inda za ka canza kuɗi. Kwana uku da suka rage mini ni kaɗai na yi yawona, na ɓata sau da yawa, amma ɓatan wanda ya san in ya gangara zai iske Ƙarawiyyin, in ya haura zai fita Bab Bujlud.

Maganar Makka kuwa, Kawu, ka manta da muɗawwifi? Ka manta da jami'an alhazai da 'yan uwanmu mazauna can da ke tarbar mutum da Hausa? Ba ka taɓa zama kai kaɗai a Makka ba. Batun cewa ɗabi'ar Turawa ce, kai da kanka ka ba mu labarin fataken Gwanja, cewa ayari ba ya tashi sai da madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki, in an sauka a zango kuma sai an nemi fatoma, mai masaukin da ya san gari, ya san dillalai, a kuma ba shi la'adarsa. Mutanen da suka taka daga Kano zuwa Salaga da ƙafa ba su ga kasawa a cikin biyan wanda ya san hanya ba.

Abin da ban faɗa ta waya ba shi ne gwiwarka. Fas gari ne na hawa da gangara, ƙasan dutse ne mai santsi, kuma kowane kuskuren lungu tafiya ce ta ƙarin minti ashirin. Ni da ƙuruciyata sai da na kwana ina shafa man zafi. Ba na son kwanakin da ka yi shekaru kana tara wa kuɗi su ƙare a ɗaki da ƙafa a kumbure.

Kuɗin ɗan jagoran ni zan biya, zan turo wa Yaya, don kada a ce tsada ce ta hana. Ka sa mai masaukinka ya nemo shi tun kafin ka sauka, ka ga katinsa da idonka, ku yanke magana kafin ku fita, ka biya a ƙarshe. Ka kuma tsara kwanakin yadda Juma'a za ta same ka a can saboda zikirin bayan la'asar, amma kada ka sa yinin jagoran ya faɗo ranar, don shaguna da yawa a rufe suke. Dardumar nan tawa tana nan a falo, duk wanda ya zo Birmingham zan nuna masa.

A gaida Inna da su Hajiya da yara duka. Yaya, in ka gama karanta masa ka gaya mini abin da ya ce, kada ka rage komai. Wassalam.